Zagayen baƙi a Babban Masallacin Kambirij

Masallacin titin Mill Road a Kambirij, Ingila, wanda aka buɗe a 2019, yana zagayawa da baƙi waɗanda ba Musulmi ba, bayan rajista ta intanet. Tsarin ya yi ma'ana. Baƙo zai fara ratsa lambu, ya wuce zaure, sannan ya cire takalmi ya shiga ɗakin salla mai cin mutum 1,000. Ginshiƙan katakon nan masu kama da bishiyoyi su ke buɗe bakin Bature: daga tambayar gini sai a gangaro kan alwala da sahun mata. Sai dai gajeren zagaye ba ya isar tambayoyi masu nauyi irin na jihadi ko hijabi, gara a ƙarasa su a wurin shan shayin masallacin. Kada a kai baƙo lokacin sallar Juma'a, cunkoso ya yi yawa.