Gora ko dargaza, wacce ta fi dacewa da sandar tsoho?

Ɗan uwa na ga tambayarka tun jiya da dare, cewa Baba gwiwa ta fara damunshi kana son ka yi mishi sandar dogarawa da hannunka, amma ka rasa wacce za ka sara tsakanin gora da dargaza. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma Allah ya saka da alheri. Duka biyun na yi su, na kuma lalata su ba sau ɗaya ba, to bari in faɗa maka abin da na gani.

Farko dai nauyi. Gora ba ta da nauyi, tsoho zai wuni da ita daga gida zuwa masallaci zuwa majalisa kafaɗa ba ta gaji ba. Dargaza icce ne na gaske, in ka ɗauka ka san ka ɗauki abu, shi ya sa Fulani makiyaya ke son ta, tana lanƙwasa kaɗan ta dawo ba ta karyewa haka nan. To amma a nan ne mutane ke kuskure, suna cewa tsoho ai mara nauyi yake so. Eh haka ne in ado zai yi da ita. Wanda gwiwa ke ciwo kuwa jikinshi gaba ɗaya yake ɗorawa kan sandar lokacin da zai tashi daga tabarma, kuma gora in za ta ba ka kunya ba ta sallama, tsagewa take a tsaye daga gaɓa zuwa gaɓa. Dargaza ko ta fara gajiya za ka ga alama tukuna.

Wajen samu kuma dargaza ta fi kusa da mu nan Zamfara, sai dai kowa ya san yadda daji ya zama yanzu, don Allah kar ka ce za ka shiga ciki saboda sanda, ka sa masu kawo icce ranar kasuwar Talata Mafara ko Gusau su zo maka da ɗanya. Gora ta fi yawa can kudancin Kebbi wajen su Zuru da Yawuri, bakin rafuka.

Lokacin sara duka ɗaya ne, bayan kaka in ɗari ya shigo, Disamba zuwa Janairu, lokacin ruwan jikin icce ya ja baya. Wadda aka sara da damina ruwa ne cike da ita, tana bushewa tana murɗewa. Ita gora akwai ƙarin sharaɗi, sai wadda ta shekara 3 ko fiye, wadda korenta ya dushe. Sabuwar tofo mai sheƙi kyau kawai gare ta. Kuma ka duba bakin saran, ka zaɓi wadda ramin cikinta ƙarami ne ko ma toshe yake.

Yanzu ga inda aikin yake, busarwa. Dargaza in ka samu mai kaurin da ya ɗan fi babban yatsan ƙafa, ka bar mata tsawo ya wuce abin da kake so da kamar taƙi ɗaya kowane gefe, don bakin ne ke fara tsagewa, daga baya sai ka yanke wurin ka yar. Kar ka ɓare ɓawon. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi don ɓawon ɗanyar dargaza sulɓewa yake da yauƙin nan nashi, amma shi ne rigarta, shi ke hana iska ta zuƙe ruwan lokaci ɗaya. Ka narka kyandir ko kakin zuma ka toshe bakin biyu, ka rataye ta a tsaye cikin inuwa, zaure ko ɗakin da iska ke shiga, ka ɗaura dutse a ƙasanta ya riƙa jan ta tana miƙewa. Ni ta farkon da na yi na ɓare ta tas na jingina a bangon tsakar gida cikin hunturu wai ta bushe da wuri, kwana huɗu na zo na tarar ta tsage tun daga kai har kusan tsakiya, tsagar har tsinke na shiga, kuma ta yi doro wajen da ta jingina. Kakana da ya gani dariya kawai ya yi ya ce a kai madafa. Dargazar taka ka ba ta wata 6 aƙalla, shekara ta fi.

Gora ta fi saurin bushewa, wata biyu zuwa uku a inuwa ta yi. Matsalarta kwaro. Akwai wani ɗan ƙaramin kwaro da ke huda ta saboda zaƙin da ke jikinta, sai ka wayi gari ka ga gari fari ya zubo ƙasa inda ka ajiye ta, to ciki ya riga ya tafi. Maganinshi tun tana ɗanya a nutsa ta cikin ruwa sati biyu zuwa uku, za ta yi wari kam, sannan a busar, a rataye saman murhu hayaƙi ya yi ta bugunta. Hayaƙin ma shi ke ba ta jan launin nan mai kyau. Dargaza ma tana son hayaƙi amma ba dole ba ne.

Miƙarwa da wuta kuwa dargaza ta fi biyayya nesa ba kusa ba. Ka shafa man kaɗe wurin da ya karkace, ka riƙa juya shi saman garwashi ba harshen wuta ba, har ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ka danna a gwiwa ko ka sa tsakanin rassa biyu ka riƙe har ya huce. Gora in ka matsa mata zafi iskar da ke cikin gaɓa na iya fasa ta, har ƙara take yi.

Sai mariƙi, tunda Baba dogarawa zai yi. A dargaza ka nemi wadda reshe ya fita gefe ka yanko da shi, ka samu kwagiri kyauta. A gora sai dai a tono ta da gindinta, wannan dunƙulen shi ne kan sandar. Tsawo kuma Baba ya tsaya da takalminshi ya saki hannu, inda wuyan hannunshi ya tsaya nan za ka yanke. Ƙasan kar ka sa zoben ƙarfe irin na makiyaya, santsi yake a siminti da tayil ɗin masallaci, ka je wajen mai faci ya yanko maka roba ta taya a buga.

Ni dai dargaza zan yi mishi, in kankare bayan ta bushe, in goge da sanfefa, in yi ta shafa mata man kaɗe ana barin ta sha, sau uku ko huɗu. Sai dai gwiwar Baba ba za ta jira wata shida ba, don haka ka sayi busasshiyar gora mai kauri a kasuwa ya fara riƙewa. Kafin ka biya ka buga ta a ƙasa, in gari ya zubo ko ka ji tana kaf kaf kamar fasasshiyar ƙwarya ka ajiye musu abinsu.