Yaya, ga amsarki daga Hamburg kan zancen gas da indokshan

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara ya Abbansu, ya kuma fama da gini, Allah ya sa a gama lafiya. Kin ce mai haɗa miki kicin ya turo hotuna uku, murhun gas, da na gilashi da ake ce wa indokshan, da kuma ruwa biyun nan mai rabi gas rabi indokshan, wai in zaɓar miki tunda ni ce a Turai. Toh zancen ya fi ƙarfin saƙon murya shi yasa na zauna na rubuta, ki daure ki karanta har ƙarshe kafin a yanka miki marbul.

Kin san wani abin mamaki a Jamus, da yawan gidajen haya babu kicin a ciki, ɗaki ne kawai fayau da bututun ruwa da wani ɗan akwatin waya a jikin bango, wanda ya tashi ya kwance kayansa har sink ya yi gaba da su, ke ma ki zo da naki. Shi yasa kowa a nan dole ya san kan murhu ko bai so ba. Wannan ɗan akwatin kuwa ba soket ba ce irin ta cajin waya, layi uku ne na lantarki mai ƙarfin bolt 400 da aka ja musamman saboda girki, kuma ba a yarda ki taɓa da kanki ba sai mai lantarki mai takarda, idan kika sa ɗan unguwa ya haɗa wani abu ya faru inshora za su iya zame miki. Mafi yawan gidaje a nan da lantarki ake girki, gas ɗin bututu sai a tsofaffin gine-gine, kuma tun da Rasha ta shiga Ukraine a Fabrairun 2022 mutane suka ƙara tsorata da shi, don kafin nan fiye da rabin gas ɗin ƙasar daga Rasha yake zuwa, aka wayi gari bututun Nord Stream ya tsaya kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi.

Shi indokshan babu abin da ke ja a cikinsa, naɗin wayar tagulla ne a ƙarƙashin gilashin yake haifar da ƙarfin maganaɗisu, wannan ƙarfin ne yake sa gindin tukunyar ya yi zafi da kansa, gilashin ɗan zafin tukunyar kawai yake ɗauka. Kina ɗaga tukunya ya tsaya. Ruwan shayi kafin ki gama yanka burodi ya tafasa, kicin ba ya turiri, idan miya ta zuba tsumma ɗaya ya isa, babu ƙarafunan nan da ake jiƙawa ana dirza. A lissafin masana kusan kashi 85 cikin 100 na zafin yana shiga tukunya, na gas kuwa ko rabi ba ya kaiwa, sauran gefen tukunya yake bi ya dafa mai girkin. Ga mai yara ƙanana kuma akwai makulli, kina dannawa shikenan duk taɓe-taɓensu ba zai kunnu ba. Gaskiya a nan ba ni da ƙorafi a kansa ta wannan fannin, musamman da sanyi da ake rufe ko ina ruf, hayaƙin gas a rufaffen gida ba ya yi wa masu asma daɗi.

Amma ki kula, akwai wani mai gilashin shi ma da yake yin ja idan an kunna, wannan ba indokshan ba ne, zafi yake yi kai tsaye kamar hita kuma ya fi shan wuta, a ido iri ɗaya suke. Ki sa a kunna miki a shago babu tukunya, idan ya yi ja ba shi ba ne.

Inda muka fara samun saɓani da shi tukwane ne. Tukunyar dalmar nan da Umma ta sa min a kaya, wadda na biya kuɗin kilo a kanta a filin jirgi, na ɗora ta ya yi ta ƙyafta min ido yana tit tit, ko ɗumi. Dalma da alminiyam da tukunyar ƙasa duk bai san da zamansu ba, sai abin da mayen ƙarfe ke kamawa kuma gindin ya zama shimfiɗaɗɗe. Gwajin mai sauƙi ne, ki ciro ɗan maganaɗisun da ake liƙawa a ƙofar firji ki kai gindin tukunya, in ya manne za ta yi, in ya faɗo ki haƙura. Ki je ki gwada kayan kicin ɗinki na aure da wanda kika tara, ina tabbatar miki fiye da rabi za su faɗi. Akwai wani faranti na ƙarfe da ake sayarwa a ɗora a tsakani wai don tsofaffin tukwane, na saya, yana aiki amma duk saurin da tsimin wutar da aka sayi murhun dominsu sun tafi.

Sai tuƙin tuwo. A kan gas ƙarafunan suna riƙe miki tukunya, ki sa tsumma ki danne ki tuƙa da ƙarfinki. A kan gilashi tukunya yawo take yi, kina juya muciya tana bin ki, ga fargabar kar gindinta ya karce gilashin ko ki buga ya tsage, kuma in ƙwayar gishiri ko tsakuwa ta shiga ƙarƙashi tabon ya zauna kenan har abada. Ni yanzu tukunyar baƙin ƙarfe mai nauyi nake sawa, in rage wuta zuwa 3, in shimfiɗa takardar gashi a ƙarƙashi tunda gilashin ba ya zafin da zai cinye ta a ƙaramar wuta, tuwon shinkafa na mutum huɗu yana fita sumul. Amma tuwon gidanki na mutum goma sha da almajirai da baƙin da ba sa sanarwa, Yaya ban ga ta inda zai yiwu ba. Masa ma haka, tandarmu ba ta hawa, sai da wata maƙwabciyata tsohuwa ta nuna min kaskon baƙin ƙarfe mai ramuka da mutanen arewacin Jamus ke soya wani abu nasu da shi lokacin Kirsimeti, ramukan sun ɗan fi namu ƙanƙanta amma masar tana tashi har da ɓawon nan mai ƙaras ƙaras. Abin da babu dabararsa shi ne duk abin da ke son harshen wuta, babbaka ƙafar sa, gasa tattasai, ko kunna gawayin turaren wuta. Da ma turaren wutan a nan sai da dabara saboda doka ta sa na'urar jin hayaƙi a ɗakunan kwana da koridon kowane gida, tana fara ihu duk benen ya san ƴar Kano ce ta yi wanka.

To me yasa duk da haka na zauna da indokshan, saboda wuta ba ta ɗaukewa. A lissafin hukumar da ke kula da layukan lantarki a nan, abin da ake ɗauke wa gida ɗaya a matsakaici bai kai minti 15 ba a shekara guda cur. Tana da tsada kam, kusan santi 40 ne yunit ɗaya, amma tana nan kuma ba ta hawa da sauka. Murhu mai kai huɗu idan kika kunna duka yana jan sama da wat 7,000, ko na tafi da gidanka mai kai ɗaya wat 2,000 ne a ƙarshen ƙarfinsa. Yanzu ki ɗora wannan a kan gidanki, ƙaramin janareto ko wat 1,000 ba ya kaiwa, na tsakiyan da ke ɗaukar firji da fanka kina kunna kai biyu zai shaƙe, sola kuma sai in kuna da babbar inbata kuma ki yi girkin da tsakar rana, in ba haka ba batir ne zai ji jiki. Ko da a ce layinku Band A ne da aka ce awa 20 a rana, a farashin Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225, awa ɗaya ta kai ɗaya a cikakken ƙarfi ta ci kusan naira 450, ko da yake ba kasafai ake barinsa a ƙarshe ba. Kuɗin ma ba shi ne damuwata ba, damuwata ki jiƙa wake ki ɗora shinkafa ta fara ɗaukar zafi Nepa su ɗauke, ko su kawo mai rauni da ke sa ƙwan fitila ya yi ja, ko mai ƙarfin da ke ƙona kaya. Cikin indokshan allon lantarki ne irin na talabijin, ga fanka da ke zuƙar iska ta ƙasa, ki tuna ƙurar hunturu da kyankyasai masu son wuri mai ɗumi.

Idan ya lalace kuma, a nan doka ta ba ki shekara biyu mai shago ya gyara ko ya canza, in ta intanet kika saya kina da kwana 14 ki mayar ko ba dalili. Bayan shekara biyun ne ake kuka, sai kin jira ranar da suka ba ki, kuɗin zuwan mai gyara kaɗai ya isa ki sayi ƙaramin sabo, shi yasa da yawa jefarwa suke. Ta nan gida ya fi mu nesa ba kusa ba, murhun gas ya toshe ki aika yaro Sabon Gari ko ki kira mai gyara ya zo kafin la'asar ya tsokale da allura ki sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Amma allon indokshan na Bosch ko Siemens ya ƙone a Kano, sai an yi odarsa ki zauna jira.

Ruwa biyun ya ba ni sha'awa a hoto, kuma in gaskiya za a bi ya fi dacewa da ku a kan mu, don a nan ba ma ganinsa sosai a shago tunda sai an kira mai gas an kira mai lantarki, masu gida kuma ba sa son jin zancen silinda a bene. Abin da ya sa ban ce ki saya ba, gilashi ɗaya ne ya rufe su duka, ranar da turmin ƙarfe ya suɓuce ya faɗa a kai kin rasa biyun lokaci ɗaya, ga tsada, ga shi kai biyu na gas kawai za ki samu kuma a matse, babbar tukunya ɗaya ta cinye wurin. Gara ki raba su da kanki.

Ni dai in ni ce ke, murhun gas mai saman silba ba gilashi ba, kai huɗu ko biyar mai babban kai a tsakiya, sannan ki tabbatar yana da ɗan tsinken nan a gefen kowane kai da ke yanke gas idan iska ko tafasa ta kashe wutar, nan ne ba a tsimi. Silindar kilo 12.5 guda biyu, a gina musu ɗan keji a waje mai shan iska a ja bututu ta bango, ki riƙa shafa ruwan kumfa a mahaɗar tiyo in kika ga yana ƙwai ƙwai to yana yoyo. Na san gas ma ya yi tsada tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, har wasu sun koma kurfoti, kar ki jefar da naki ma, ranar biki da babbaka zai yi rana. Sai ki ƙara da indokshan ƙarami mai kai ɗaya a gefe da tukwane biyu da ya yarda da su, duk sanda aka kawo wuta ko rana ta take a kan sola ki dafa ruwan zafi da wake da ganda a kai, silinda za ta ƙara miki kwanaki.

Idan Abban yara ya matsa sai ɗan Beljiyam wai ya fi ƙarko, ki ce a duba masa abu ɗaya, murhun gas da aka ciro daga gidan Turai yawanci an saita shi ne a kan gas ɗin bututu, ramin fitar gas ɗinsa ya fi faɗi, in aka haɗa shi da silinda haka nan wuta za ta yi ta tashi ja tana baƙanta tukunya kuma haɗari ne, sai an canza ƴan ƙananan hancinan zuwa na gas ɗin silinda. Ƙaramin na lantarki mai fulogi daga nan kuwa ba matsala bolt 230 ne kamar na gida, kan fulogi kawai za a canza, na Amurka ne mai bolt 120 kar a yarda a kawo miki.

Ƙaramin kar ki saya, a nan yuro 40 zuwa 60 ne mai kyau, zan haɗo miki da tukunya ɗaya a hannun masu zuwa hutun ƙarshen shekara. Ke dai ki ce wa mai wayarin ya ja soket ɗaya daban tun daga allon fis da waya mai kauri, kar ya haɗa ta da layin firji, ya sa ta nesa da sink. Ki gaida Umma, ki ce mata tukunyarta tana nan na zuba albasa a ciki.