Daga Yamai zuwa Jidda: Wace Hanyar Jirgi Mai Umra Zai Saya?

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 4,000, tafiyar da jirgin alhazai kan cinye cikin awa biyar zuwa shida idan ya miƙe bai ya da zango ba. Mai zuwa Umra kuwa yawanci sai ya ratsa wani birni, kuma a nan ne tikiti biyu masu kusan kuɗi ɗaya suke bambanta da wuni guda na wahala.

Hanyar Adis Ababa da Ethiopian Airlines ita ce nake zaɓa wa iyayena, ba na kuma ɓoye hakan. Daga Yamai zuwa Adis kusan kilomita 4,000 ne, daga nan zuwa Jidda kimanin 1,400, wato awa biyu da ɗan abin da ba a rasa ba. Amfanin wannan gajeren zango na biyu yana da girma ga tsoho: ya yi alwala a Adis, ya ɗaura harami a tsanake, ya yi niyya idan an zo saitin miƙatin Yalamlam, ba tare da ya daɗe cikin sanyin jirgi da mayafi biyu kawai ba. Agogon Habasha da na Saudiyya ɗaya ne, suna gaban namu da awa biyu, don haka sau ɗaya za a gyara agogo. A ƙara ɗan lokaci a lissafi, domin tun barkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 jirage da dama suna kauce wa samaniyarta.

Hanyar Istambul da Turkish Airlines ta kai kilomita 6,400, kuma girman filin kaɗai ya ishi mai ciwon gwiwa. Ta Kasablanka da Royal Air Maroc ta haura 7,000, a kai ka arewa maso yamma alhali alƙiblarka gabas take.

Sai dai abin da ya taɓa ƙona ni ba nisa ba ne. Wani mai ajans ya karɓi kuɗin mahaifiyata cif, ya miƙo takarda mai tambari da sunanta da ranar tashi, muka yi ta godiya. Ranar tafiya, tana zaune kan akwatinta da carbi a hannu, dangi sun riga sun yi mata rakiya da addu'a, ma'aikaciyar awon kaya ta duba kwamfuta ta ce: “Hajiya, wuri kawai aka kama miki, ba a biya ba, ya kuma faɗi.”

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka yarda da lambar kama wuri mai haruffa shida ita kaɗai. Biye, wato tikiti, na gaskiya yana da lamba 13, kuma ukun farko suna nuna kamfanin: 071 na Ethiopian ne, 235 na Turkish, 147 na Royal Air Maroc. Ka sa a buɗe shafin kamfanin a gabanka ka ga lambar da idonka kafin ka bar ofishin, ka karɓi rasit mai hatimi, ka duba an rubuta suna daidai da na fasfo harafi da harafi. Ka tambayi awa nawa ne zaman jira a tafiya da kuma a dawowa, domin masu arhar banza kan ɓoye doguwar jiran a komowa, lokacin da gajiya ta riga ta gama da tsohuwa. Duk wanda ya ce zai turo maka biyen ta WhatsApp “gobe in Allah ya yarda” bayan ya riƙe kuɗinka, ka karɓi abinka nan take.