CosmicWatch: Na'urar Kama Muwon Ga Mai Son Fitilunsa Su Bi Sararin Samaniya

Mai son fitilun ado su riƙa walƙiya duk lokacin da burbushin sararin samaniya ya ratso ɗaki, da wuya ya samu abin da ya kai CosmicWatch araha. Spencer Axani ne ya ƙirƙiro ta a jami'ar MIT da ke Amurka, kayan haɗa guda ɗaya kuma ba su wuce kusan dala 100 ba.

Abin da take kamawa shi ne muwon, 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ido ba ya gani, wadda ke samuwa idan burbushin sararin samaniya ya bugi iska a kusan kilomita 15 sama da ƙasa. Zuciyar na'urar 'yar roba ce mai ƙyalli idan muwon ya ratsa ta, santimita 5 da 5, kauri santimita 1, an manna mata idon SiPM mai gano ƙyallin, da 'yar kwamfutar Arduino Nano mai ƙirgawa. Kowane santimita murabba'i na samun muwon kamar ɗaya a minti, ke nan robar za ta ga wajen 25. Babu tsari a zuwansu: uku su faɗo a jere, sai shiru na daƙiƙa biyar. Wannan rashin tsari shi ne daɗin kallon fitilun a bango, kada a gyara shi.

Guda ɗaya dai ba ta isa ba. Tana ƙirga har da gamma, wani haske marar ganuwa da ke fitowa daga siminti da ƙasa, sai fitila ta yi ta ƙyaftawa a kan abin da bai zo daga sama ba. A sayi biyu, a ɗora ɗaya kan ɗaya, a haɗa su da wayar sauti mai milimita 3.5, abin da suka gani tare kaɗai za a ƙirga. Adadin zai ragu, amma na gaskiya ne.

Wajen haɗi, naɗin robar ne ke kayar da mutane. Takardar alminiyom tukuna, sannan baƙin salatif ninki biyu ko uku, musamman a kusurwa. Ko ƙofar da ba ta kai bakin allura ba, hasken da zai shiga ta nan ya isa ya cika ƙirgen da ƙarya, balle na'urar tana zaune kusa da fitilunta.

Su kuwa fitilun ado irin WS2812B, waɗanda ake ba kowane ƙwai nasa umarnin, kada a ɗora wa Arduinon na'urar. Kowane ƙwai na cin maikrosakan 30 wajen karɓar umarni, 150 sun cinye milisakan 4.5 da na'urar take a makance. A ba su allon lantarki na biyu mai karanta bayanan na'urar ta USB, da wutarsu ta volt 5 daban, domin ƙwai ɗaya na jan miliamfiya 60 idan ya yi fari tas, tsallen wutar kuma yana shiga idon SiPM kamar muwon ne ya wuce.