Kiɗa kai tsaye ko sipika a ɗaki?

Gaskiya duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗa ya san akwai abin da sipika ba za ta ba ka ba. In mai ganga ya daka ba kunne kaɗai ke ji ba, har ƙirjinka sai ya amsa, kana kallon gumi na tsiyaya a goshinsa, mawaƙi ya ɗan kuskure ya murmusa ya wuce, jama'a su ɗauki amshi baki ɗaya, wannan wallahi ba ya shiga faifai.

Amma fa ba kullum ake dacewa ba. In ka samu wuri can baya kusa da bango sautin sai ya dinga dawowa yana cakuɗewa, muryar ma da ƙyar. Ga ƙara, manyan wasanni kan wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali daga 85 in aka daɗe kunne ke fara cutuwa, shi ya sa kake komawa gida kunne na maka shuuu.

A gida kuwa kai ne sarki, an riga an gyara komai a situdiyo, ka rage ka ƙara, ka maimaita baiti ɗaya sau goma. Tun fitowar CD a 1982 faifai ya yi tsaf, matsalar yawanci ɗakin ne da inda ka ajiye sipikun, kuma ƙaramar sipika ba ta iya tura iskar da babbar ganga ke turawa. MP3 ma zubar da wani ɓangaren sautin yake don fayil ya ƙanƙance.

Ni dai in waƙar natsuwa ce hedifon nake sawa in kashe fitila.