Filin Zamiya Kan Ƙanƙara na Dubai Mall: Ya Dace a Kai Yara?

Duk wanda ya je Dubai da iyali a watan Yuli ko Agusta ya san cewa zafi kan wuce digiri 40, kuma ba inda za a kai yara da rana sai cikin gini mai sanyi. Dubai Ice Rink na cikin wuraren da suka cancanci kuɗinsu. Yana ƙasan benen Dubai Mall, katafariyar kasuwar da aka buɗe a 2008 a gindin Burj Khalifa, kuma girmansa irin na gasar Olamfik ne, wato kusan mita 60 a tsawo da mita 30 a faɗi. Wannan faɗin yana da amfani ga mai koyo, domin gwanaye sukan kama tsakiya, su bar wa sababbin shiga gefen shinge.

Idan ta jirgin Metro za a zo, a sauka a tashar Burj Khalifa/Dubai Mall da ke kan jan layi. Daga nan akwai doguwar gada rufaffiya mai na'urar sanyi, amma tafiyar ba kaɗan ba ce, kuma kasuwar kanta gari guda ce. Da ƙananan yara a ware minti 30 daga tasha zuwa bakin fili. Shiga zango-zango ake yi, kowane zango da lokacin farawa da na tashi, saboda haka wanda ya makara daga lokacinsa ya ci. Kuɗin tikiti ya haɗa da aron takalmi. Akwai kuma ƙa'ida kan mafi ƙanƙantar yaron da za a bari ya hau, a tabbatar da ita kafin a biya.

Abin da ya fi burgewa a tsarin wurin shi ne a buɗe yake cikin kasuwa. Kaka ko uwa mai goyo za ta iya tsayawa a bakin shinge ko a bene na sama ta ga komai ba ta biya ko dirhami ɗaya ba, ga wuraren shan shayi a kewaye, ga ɗakunan salla a cikin kasuwar. Sanyin ma bai kai yadda ake tsoro ba. Bututun da ke ƙarƙashin daɓe ne ke riƙe ƙanƙarar a ƙasa da sifili, iskar sama kuwa ba ta wuce ta asubahin hunturu ba. Rigar sanyi mara nauyi ta isa, don da an yi minti goma ana motsi gumi zai fara.

Inda akasarin iyaye ke yin kuskure shi ne wajen takalmi, kuma a nan ne daɗin ranar ko ɓacinta yake. An saba saya wa yaro takalmi mai ɗan girma don ya daɗe yana sawa, to a nan wannan dabarar cuta ce. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin bai wuce kaurin milimita 3 zuwa 4 ba, a kansa yaro zai tsaya, kuma idan ƙafa na yawo a ciki idon sawu zai riƙa lanƙwashewa ciki, gwiwoyi su haɗu, yaron ya kasa ko da miƙewa. A karɓi daidai lambar ƙafarsa. Ya buga dunduniya ta zauna can baya, sannan a ɗaure: sassauci kaɗan wajen yatsu, tamau a daidai idon sawu, a sama kuma a bar inda yatsa ɗaya zai shiga. A sa shi ya tsaya a kan shimfiɗar roba ya ɗaga dunduniya. In ta ɗagu a cikin takalmin, a koma a canja, ko da layi ya yi tsawo. Safa guda ɗaya doguwa, wadda ta wuce bakin takalmin, ita ake so. Safa biyu kan naɗe ta haifar da bororo.

Sai tufafi. Doguwar riga, abaya, jallabiya ko hijabi mai jan ƙasa duk suna iya shiga ƙarƙashin ƙarfe su kayar da mutum. 'Yan mata su sa wando mai kauri da riga iya gwiwa da ƙaramin hijabi da aka cusa cikin rigar sanyi. Safar hannu dole ce, ba don sanyi kawai ba: yaron da ya faɗi hannunsa a shimfiɗe yake, ga wasu na wucewa da ƙarfe a ƙafa. Ƙanana su sa hular kwano, domin faɗuwar baya ƙeya take nema. A zo da wandon canji, ƙanƙara tana jiƙa tufafi.

Ana ba da hayar abin dafawa mai siffar tsuntsun fengwin, wanda yaro zai riƙe yana turawa. Kuɗinsa daban ne, kuma wannan na cikin abin da ke sa lissafi ya haura ga mai yara uku ko huɗu. Duk da haka ga ɗan shekara 4 zuwa 7 ya fi riƙe hannun babba, musamman babban da shi ma bai iya ba. Aibinsa ɗaya: yaro kan kwanta a kansa ya saba da sunkuyo. Bayan minti 15 ko 20 a janye shi, a ce ya yi taku ƙanana kamar mai koyon tata, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaba, ido a inda za shi.

Tun kafin a hau a koya masa faɗuwa da tashi. In ya ji zai tafi, ya durƙusa ya faɗi ta gefe, ya dunƙule yatsu. Wajen tashi ya yi rarrafe, ya kafa ƙafa ɗaya, ya dafa gwiwar da hannu biyu ya miƙe. Kada babba ya ɗauki yaro a hannu a kan ƙanƙara, kada kuma a jeru ana riƙe da juna, don mutum ɗaya ya zame kowa ya bi shi. Tokarewa da tafin hannu ce ke kawo targaɗen wuyan hannu.

Babban raunin wurin cunkoso ne. Tun 2022 hutun mako a Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, kuma daga yammacin Juma'a fili kan cika da matasa masu gudu. Zangon dare mai kiɗa da fitilu masu walƙiya ba na ɗan koyo ba ne. Safiyar ranar aiki ta fi. A sani kuma cewa tsakanin zango motar gyaran ƙanƙara kan kankare saman ta zuba ruwa, don haka mintunan farko sun fi santsi. A bar yaro a jikin shinge har saman ya ɗan yi gari.

Yawancin ƙananan yara kan gaji cikin minti 40, kuma faɗuwa mai ciwo a lokacin gajiya take zuwa. Da an ga ƙafa ta fara rawa a fito da shi, a kwance takalmi, a duba dunduniya da idon sawu ko sun yi ja, ko da sauran lokaci a tikiti. Wanda zai yi mako biyu a gari kuma yaron ya nuna sha'awa, darasi ɗaya wurin masu koyarwa na filin ya fi shiga uku ba jagora.