Na kai rediyon mahaifina wajen Baba mai gyara a Agege, ga yadda muka yi

Rediyon marigayi mahaifina ce, National Panasonic mai cin kaset, irin mai marfi a gaba da hannu a sama ɗin nan. Tun ina yaro nake ganinta a gefen huhun goro a rumfarsa nan Agege, da asuba BBC, da rana Rediyon Kaduna in iska ta yi kyau, da daddare kuma maƙwabta su taru a kan benci ana jin labaran duniya ana musu. Bayan rasuwarsa ta yi shekara takwas a ƙarƙashin gadon Inna ba wanda ya taɓa ta. Abin da ya sa na tono ta shi ne wasu kaset guda uku da aka kawo mana daga gida bayan rasuwar kakarmu, ashe saƙonnin murya ne da mahaifina ya riƙa ɗauka yana aika mata ta hannun direbobin manyan motoci, lokacin babu wayar hannu, ita kuma ba ta karanta wasiƙa. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma kafin 2001 da GSM ta shigo Najeriya haka da yawa daga cikin iyayenmu na kurmi suke gaisawa da gida, ko wasiƙa ko kaset ko sallahu a bakin matafiyi.

Na fara zuwa Ikeja wajen masu gyaran waya, yaran sun karɓe ni da mutunci gaskiya, amma ɗaya ya juya ta ya juya ya ce oga wannan ai sai gidan tarihi, ka sayi ƙaramar sifika mai bulutut kawai. Ban ga laifinsu ba, ba aikinsu ba ne, su sikirin suka sani da caji. Wani mai shayi ne a Zangon Agege ya ce min in je wajen Baba mai rediyo, ya kwatanta min lungun.

Shagon ba shago ba ne sosai, wani ɗan ɗaki ne da bai fi taku huɗu ba, babu allo babu suna, sai tarin matattun rediyoyi tun daga ƙasa har rufi, Sony, Sharp, Philips, da ƙananan Kchibo ɗin nan na masu gadi da makiyaya. Dattijo ne fari tas a gemu, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Na yi sallama na durƙusa muka gaisa, gaisuwa ta gaske ba irin ta tsaye ba, ya tambayi gida ya tambayi aiki ya tambayi ɗan wane ne ni, sai da aka gama wannan duka sannan ya miƙa hannu ya karɓi rediyon.

Abin da ya fara burge ni bai jona ta da wuta ba. Na ce Baba a gwada mana mu gani, ya ce a'a ɗana, abin da ya daɗe a kwance ba a tashinsa da duka. Ya kwance sukurori ya zuba su a murfin gwangwanin madara, ya buɗe bayanta a gabana ya nuna min komai da bakin sukundireba. Batiran da aka manta a ciki sun fashe sun cinye sifirin ɗin, ya koma kore kamar gansakuka. Bel ɗin da ke juya kaset ya narke ya zama kamar kwalta, ya dangwala da yatsa ya nuna min baƙin ya manne. Zaren da ke jan allurar tasha ya tsinke. Kafasita biyu, 'yan ƙananan kayan nan da ke riƙe wuta, sun kumbura. Ya ce injin lafiyarsa lau, kan da ke karanta kaset ma bai cinye ba, datti ne kawai. A jikin murfin ta ciki akwai wata 'yar takarda manne an rubuta 1996 da biro, ya daɗe yana kallonta ya ce ya san hannun, wani abokin sana'arsa ne da ke zama wajen Pen Cinema a da, Allah ya yi masa rasuwa. Muka yi masa addu'a tare.

Kuɗi kuwa ya ce dubu shida, har da kayan. Na ciro zan ba shi rabi ya ce in riƙe sai ta yi magana.

To bari in faɗi inda aka samu matsala don kada wani ya je ya ce ban faɗa ba. Ya ce min kwana biyar, sai da ta yi sati uku. Na je sau uku ina dawowa hannu rabbana, kuma mai zuwa Agege daga Mile 12 ya san abin da gosulo ke yi wa mutum. Wayarsa ƙaramar Nokia ce kuma rabin lokaci tana kashe ko tana aljihun rigar da ya rataye, in ka kira sau biyar ka samu sau ɗaya ka gode Allah. Ba ya karɓar taransifa, ba shi da POS, sai tsabar kuɗi, ya ce min lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya yi makonni kusan bai riƙe ko sisi ba amma duk da haka bai buɗe asusu ba. Sannan in NEPA ta ɗauke wuta aiki ya tsaya, ba shi da janareta, sai dai wani tsohon ƙarfen narka dalma da yake ɗorawa a kan risho in abin ƙarami ne. Wanda yake gaggawa gaskiya zai ji haushi, ni ma a zuwa na biyu raina ya ɗan ɓaci.

Amma da na ji dalilin jinkirin sai na yi shiru. Bel ɗin ne babu. Ya aika kasuwar Alaba an kawo masa wasu, ya gwada ya ga sun yi sako-sako, ya ce da ya sa su rediyon za ta yi aiki amma muryar za ta riƙa ja kamar mai jin barci, kuma wata rana ta tauna kaset ɗin. Tunda na gaya masa abin da ke cikin kaset ɗin ya ce ba zai sa abin da zai ci muryar mamaci ba. Sai da ya farke wasu matattun rediyoyi har huɗu cikin tarin nan nasa kafin ya samu wanda ya yi daidai. Wallahi da wani ne da ya sa na farkon ya karɓi kuɗinsa, ni ina zan sani?

Ranar da na je karɓa bayan la'asar ne. Bai fara da kaset ɗina ba, ya sa wani tsohon kaset na wa'azi da yake gwaji da shi, ya bar shi ya yi ta juyawa kusan minti goma yana kasa kunne. Sannan ya ɗauki nawa, ya zura biro a ramin ya murɗa a hankali ya tattare zaren, ya ga inda ya tsinke kusa da farko ya haɗa da ɗan siririn salatif da ya yanka da reza, ya goge kan da auduga da sifirit, ya rufe marfin ya danna. Aka yi ɗan shuuu, sai ga sallamar mahaifina, da tarin nan nasa da yake yi kafin ya fara magana, yana gaishe da kakata yana cewa goro ya yi tsada bana amma ya ba direba saƙo da turmin atamfa, har da kukan jariri a baya wanda Inna ta ce ni ne. Ban iya tsayuwa ba na zauna a kan benci. Baba bai ce komai ba, ya tashi ya fita waje kamar zai yi alwala ya bar ni ni kaɗai har gefen farko ya ƙare.

Da na dawo hayyacina na ba shi dubu goma ya ƙirga ya maido min da huɗu. Na ce Baba alheri ne, ya ce abin da muka yi magana shi ne shida, in ina son alheri in kawo masa batir Tiger Head in na tashi zuwa. Kuma ya haɗa min tsofaffin kayan da ya cire a leda, kafasitocin da sifirin ɗin, ya ce kayanka ne.

Mun ɗan taɓa hira kafin magariba. Ya ja eriya ya murɗa gajeren zango yana nuna min inda kowace tasha take zama, nan wajen mita 49 Kaduna take, nan BBC da ta fara Hausa tun 1957, nan Jamus, RFI kuma ya ce ai maƙwabtanmu ne tunda a nan Legas suka buɗe sashen Hausa a 2007. Da allurar ta zo inda ya saba kama Muryar Amurka sai ya tsaya ya ce tun watan Maris na 2025 da suka yi shiru ya riƙa dubawa kowace safiya. Yanzu masu kawo masa aiki ba su wuce masu gadi da 'yan Abbatuwa da wasu dattawa ba, yaran da ya koya wa aiki duk sun koma gyaran waya, na ƙarshen ya tafi acaba, da aka hana acaba a manyan unguwanni a 2022 ya koma gida gaba ɗaya. Na tambaye shi wa zai gaji wannan tarin kaya, ya ce 'yan gwangwan sun riga sun fara zuwa suna tayawa a kilo.

In kana da tsohuwar rediyo ko kaset da kake ji da shi, ni dai na ce ka kai masa, ka shiga Zangon Agege ka tambayi masu shayi Baba mai rediyo. Ka je da safe kafin azahar, ka riƙe kuɗi a hannu, kada ka sa ranar karɓa a ranka, kuma ka cire batir daga cikin kayanka tun yau. Ba ya mayar da kaset zuwa waya, wannan ni na yi da kaina, na ajiye waya a gaban sifika na ɗauka na tura wa 'yan uwana, ƙanwata da ke Kano ta kira ni tana kuka.

Rediyon tana ɗakin Inna yanzu, ƙarfe takwas da rabi na dare take kunna BBC kamar yadda mahaifina ya saba. Saura kaset biyu, ɗaya ya yi fumfuna ta ciki, Baba ya ce kada in kuskura in sa shi sai ya buɗe ya goge. Ranar Asabar zan kai masa, da batiransa.